Ku Tambayi Anti: Wai lu'ulu'u dutse ne ko ɗan ruwa?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiyar wannan fili. Tun da na ambaci sarƙar lu'ulu'u a fitowar da ta wuce, lokacin da muke maganar abin da ya zama dole a lefe da abin da yake ƙawa ce kawai, saƙonni suke ta shigowa a kan abu ɗaya, daga Kabi har Zamfara, har da maza. Na tsinto guda shida, sauran ku yi haƙuri, amsarku na cikin ta 'yan uwanku.

TAMBAYA: Anti ina gajiya, ya aiki. Ni dai lefena anka kawo sati biyu da sunka wuce, cikin ƙaramin akwati akwai wata farar sarƙa mai ƙwaya-ƙwaya, dangin ango sunka ce lu'ulu'u ce. Sai yayana ya ce ƙarya ne, wai lu'ulu'u shi ne daimon wanda ake haƙowa awa zinari, har gilashi yana yankawa. Munka yi ta gardama har dare. Dan Allah wa ke da gaskiya? Daga wata amarya, Birnin Kebbi.

AMSA: Allah ya sanya alheri ƙanwata, ya kai mu ranar. Ke da yayanki kowa ya riƙe gefe guda na gaskiyar, rikicin daga bakinmu ne mu Hausawa, kalma ɗaya muka ɗora wa kaya biyu. In kika ji rediyo ta ce ana haƙar lu'ulu'u a Saliyo ko Botswana toh daimon ake nufi, shi kam dutse ne, a ƙasa yake, kuma cikin duwatsu ba wanda ya kai shi tauri. Amma Larabawan da muka aro kalmar a wurinsu almas suke ce wa daimon, lu'ulu'u a bakinsu shi ne wannan farar ƙwayar ta cikin ruwa, kuma shi ne ya zo a Suratur Rahman inda aka ambaci tekuna biyu aka ce lu'ulu'u da murjani na fita daga cikinsu. Kin ga tun daga nan an gaya mana ɗan ruwa ne.

Kawa ce ke yin shi, halittar nan mai ɓawo biyu da take buɗewa ta rufe. In kin taɓa tsintar ɓawon irinta a bakin gulbi kika juya cikinsa za ki ga wani santsi mai ɗaukar ido, fari-fari da ɗan shuɗi da ɗan ja in rana ta doke shi, toh wannan abin shi ne lu'ulu'un kansa, bai dai dunƙule ba. Idan wata 'yar tsutsa ko wani abu ya kutsa ya ji wa naman kawar ciwo, ita ba ta da hannun da za ta cire, sai tsokar wurin ta zagaye abin ta yi ta shafa mai wannan santsin, shafi kan shafi, sirara ƙwarai, kamar yadda kike ganin albasar Aliero in kin yanka ta gida-gida, shekara da shekaru har ya zama ƙwaya. Mutane da yawa na cewa ƙwayar yashi ce ke jawo shi, amma kawa a cikin yashi take kwana take tashi kuma tana iya furzar da shi, galibi ba shi ba ne. Sinadarin kuwa dangin na alli ne da ɓawon ƙwai, shi ya sa ba shi da tauri, a ma'aunin taurin duwatsu daimon na kan 10, lu'ulu'u tsakanin 2.5 ne da 4.5, wuƙar kicin ma sai ta karce shi. Abin da ni yake burge ni da shi, duk sauran duwatsun ado sai an yanka an goge kafin su yi kyau, shi kuwa yadda aka ciro shi haka yake da kyansa, huda kawai ake yi.

TAMBAYA: Anti, malamin islamiyyarmu ya taɓa ba mu labari wai ɗigon ruwan sama ne ke faɗawa bakin kawa ya zama lu'ulu'u. Haka ne? Daga wata ɗaliba, Talata Mafara.

AMSA: Ɗiyata, malaminku bai ƙirƙira ba, tsohon zance ne da ke cikin littattafan Larabawa da Farisawa da waƙoƙinsu, wai a watan Nisan, wajen Afrilu kenan, kawa na tasowa saman teku ta buɗe baki ta karɓi ɗigo ɗaya ta koma ƙasa da shi. Rumawan da ma sun faɗi kusan haka, su raɓa suka ce, har suna cewa in sama ta yi garau ranar sai ƙwayar ta fito fara tas, in da hadari sai ta yi duhu. Bincike ya nuna ba haka abin yake ba, yadda na gaya wa amaryar da ke sama shi ne, amma ni ba na raina mutanen da suka faɗa, mutum ya buɗe abu mai ƙarni da yauƙi ya tarar da wannan haske a ciki dole ya ce daga sama ya zo. Kuma ɗan Adam ya daɗe yana mamakin nan, a tsibirin Marawah na Abu Dabi an tono wata ƙwaya wadda aka nuna wa duniya a 2019, an ƙiyasta ta kai kusan shekara 8,000.

Akwai kuma labarin Kiliyofatira sarauniyar Masar da wani marubucin Rum mai suna Filini ya kawo, wai ta yi gasa da Antoniyo, wani babban sojan Rum, a kan za ta cinye dukiya mai yawan gaske a zama ɗaya, sai ta cire lu'ulu'un kunnenta ta jefa a ruwan khal, wato binega, ta shanye. Tsami na cin lu'ulu'u da gaske, sai dai ba nan take ba kamar sukari a shayi, babbar ƙwaya sai ta daɗe a ciki. Ki riƙe wannan don zai yi amfani a amsar ƙarshe.

TAMBAYA: Gaisuwa da fatan alheri Anti. Ni ɗan masunta ne, mahaifina Basarke ne, cikin ruwa na tashi. Na ji an ce da can nutso ake yi a ciro lu'ulu'u, ina son in ji yadda suke yi. Sannan mu ma muna da kawa a kogin Neja, ko in muka dage za mu dace? Daga wani matashi, Yauri.

AMSA: Ɗana, tambayarka ce ta fi taɓa ni, don ni 'yar Argungu ce, tun ina ƙarama nake tsayawa bakin Matan Fada ina kallon maza da gora da homa, kuma na san yadda gaban mace ke faɗuwa in nata ya nutse ruwa ya rufe ana ta ƙirga a zuci bai ɗago ba. Na taɓa ganin wani dattijo ya taso daga nutso idonsa jawur, ya kifa ƙirji a kan gorarsa yana jan numfashi kamar ana zuga zugazugi, ya fi minti biyu bai iya cewa uffan ba, mutane na ta yi mai kirari shi kuwa iska kawai yake nema. Duk lokacin da na karanta labarin masu nutson lu'ulu'u fuskar dattijon nan nake gani.

Cibiyar abin ita ce tekun Fasha, su Bahrain, Katar, Kuwait, Dubai, sai kuma mashigin Mannar tsakanin Indiya da Siri Lanka. Ibn Baɗuɗa, matafiyin nan da ya zo har Mali da Takedda a ƙarni na 14, ya ba da labarin masu nutson tekun Fasha, kuma yadda ya kwatanta su bai canza sosai ba har zuwa zamanin kakanninmu. Babban lokacin nutso wata huɗu ne na tsananin zafi, daga wajen Yuni zuwa Satumba, gari ya watse sai mata da yara da tsofaffi. A jirgi akwai nakhuda, shi ne shugaba, akwai mai nutso, akwai mai jan igiya wanda ran mai nutso ke hannunsa, har da mawaƙi da suke ce wa nahham mai ba su ƙarfin gwiwa, kamar dai yadda makaɗa ke yi wa namu masuntan. Kayan aikin ba yawa, ɗan matsi na ƙashi ko ƙoƙon kunkuru a hanci, 'yan safar fata a yatsu saboda kaifin ɓawo, kwando a wuya, sai dutse ɗaure da igiya da zai taka ya ja shi ƙasa da sauri. Zurfin mita 10 zuwa 15, wani lokaci fiye, ya yi minti ɗaya ko da ɗan ɗoriya yana tsintar kawa, in numfashi ya ƙare ya girgiza igiya a jawo shi, ya ɗan huta a gefen jirgi ya koma, a yini sai ya yi haka sau 40 ko 50, da safe ɗan dabino da gahawa kawai don ba a nutso da cikakken ciki, sai dare a ci shinkafa da kifi. Kunne na fashewa, ido na lalacewa da gishiri, ga manyan kifaye masu cizo, ga guguwa, ta 1925 ma har yau suna kiranta shekarar nutsewa saboda yawan jiragen da ta kifar a dare ɗaya. A farkon ƙarni na 20 wani jami'in Ingila mai suna Lorimer ya ƙididdige jirage kusan 4,500 da maza kusan 74,000 a wannan sana'a.

Abin da ba a cika faɗa ba, kuma ya kamata mu mu sani, da yawa daga masu nutson nan baƙar fata ne, bayi da 'ya'yan bayi da aka kwaso daga Afirka. Wanda yake ɗa ma bashi ya ɗaure shi, nakhuda zai ba shi kuɗin da zai bar wa iyali kafin a tashi, in kakar ba ta yi kyau ba bashin ya hau na baɗi, har mutum ya mutu ɗansa ya gaji igiya ya gaji bashi. Wanda ya ciro ƙwayar sau da yawa bai ma san nawa aka sayar ba, dillali ne zai zo da ƙaramin jirgi su yi ciniki da nakhuda, daga nan ta wuce Bombai ta Indiya a huda ta a shirya, ta wuce birnin Faris na Faransa. Can ɓangaren Amurka ma haka Sifaniyawa suka yi a ƙarni na 16 a tsibirin Kubagwa na Benezuwela, suka ƙarar da 'yan ƙasa da nutso suka koma kawo bayi daga Afirka. Shahararriyar ƙwayar nan La Peregrina mai siffar ɗigon hawaye a gaɓar Panama aka same ta, ana cewa wani bawa baƙar fata ne ya ciro ta aka 'yanta shi a kanta, ta shiga taskar sarakunan Sifen, a 1969 aka saya wa 'yar fim Elizabeth Taylor ita a kan dala 37,000, a 2011 kuma aka yi gwanjonta da sarƙarta a kan dala miliyan 11.8. Sunan duk wanda ya rataya ta na rubuce, na wanda ya riƙe numfashi ya ɗauko ta ne babu, wannan abin na ci mini rai wallahi.

Wani abu kuma da zai ba ka mamaki, a 1865 wani sarkin Baroda a Indiya, Khande Rao, wanda ba musulmi ba ne, ya sa aka saƙa shimfiɗa da ƙananan lu'ulu'u sama da miliyan ɗaya da niyyar aika ta Madina kyauta ga kabarin Annabi (SAW). Ya rasu a 1870 ba a kai ba. A 2009 aka yi gwanjonta a Doha kan kusan dala miliyan 5.5, yanzu tana gidan tarihin Katar.

Batun Neja kuwa, gaskiya ne kawar ruwan daɗi na yin lu'ulu'u, an samu a kogunan Sikotland da na Amurka. Amma ka sani sai an fasa ɗaruruwa ko dubbai kafin a ga ƙwaya ɗaya, kuma cikin waɗanda aka gani ɗin ma mai kyan da za a saya kaɗan ce, sai wadda cikin ɓawonta ke sheƙi sosai. A Sikotland masu nema sun yi ta fasawa har kawar ta kusa ƙarewa, dole a 1998 aka hana da doka. Kai da ka san yadda kifi ya ja baya a ruwanmu ba sai na yi maka dogon bayani ba, in kana fasa wadda za a ci ka duba ciki ba laifi, amma kar ka ajiye taru da mali ka ce wannan za ka bi.

TAMBAYA: Hajiya barka da war haka. Ina ɗan zuwa Dubai sarin kaya, kuma ina ganin sarƙoƙin lu'ulu'u birjik, wasu arha kamar banza wasu kuma tsada ba a magana, kowa na rantsuwa nashi na gaske ne. Mi ya kawo haka, kuma ya zan gane? Daga wata 'yar kasuwa, Kaura Namoda.

AMSA: Hajiya barka kadai, Allah ya ba da kasuwa. Iri uku ne kike gani an jera su wuri ɗaya. Akwai na asali wanda kawa ta yi da kanta ba hannun mutum, shi yanzu da wuya ki gan shi a shagon titi, sai gidajen gwanjo da tsofaffin taskoki da kuma Bahrain, wadda har yau ta hana cinikin na kiwo a ƙasarta. Akwai na kiwo, akwai kuma na roba ko gilashi.

Na kiwon shi ya juya duniya. Wani Bajapane Mikimoto, ɗan mai sayar da taliya a garin Toba, shi ya nace da gwaji har a 1893 ya samu rabin ƙwaya manne da ɓawo, daga baya da dabarar wasu 'yan ƙasarsu biyu, Mise da Nishikawa, aka kai ga mai zagaye sosai. Dabarar ita ce a buɗe kawa a hankali a dasa mata 'yar ƙwallon ɓawo da ɗan yankin tsokar wata kawar, a mayar da ita ruwa cikin keji shekara ɗaya zuwa uku, ita kuma ta yi aikinta na shafi. Kin ga ba jabu ba ne, kawa ce ta yi, mutum tsokana kawai ya yi, kamar kifin gona da na gulbi, duka kifi ne amma kin san kuɗinsu da darajarsu a bakin mutane ba ɗaya ba. Da ya cika kasuwa a shekarun 1920, sannan tattalin arzikin duniya ya karye a 1929, sai farashin na tekun Fasha ya faɗi warwas, jirage suka ruɓe a bakin gaɓa, yunwa ta kori mutane daga garuruwa. Allah da ikonsa a 1932 aka samu man fetur a Bahrain, shekara biyu kenan kafin Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu a 1934 aka yi mai bikin kamun kifi, sai kuma aka samu man a Kuwait da Saudiyya a 1938. Dubai ɗin da kike zuwa sari, kakannin masu manyan shagunan nan da yawansu da igiya da dutse suka ci abinci. Don ki ga girman faɗuwar, a 1917 kamfanin Cartier ya karɓi katafaren gida a birnin New York a musayar sarƙar lu'ulu'u mai layi biyu da aka yi wa kuɗi dala miliyan 1, da aka zo gwanjon sarƙar a 1957 ko dala 200,000 ba ta kai ba, gidan kuwa har yau suna ciki.

Masu arhar da kike gani yawanci na Chaina ne, na ruwan daɗi, a tafkuna ake kiwonsu wajen garin Zhuji, kawa ɗaya sai ta ba da ƙwaya 20 ko 30 a lokaci guda. Masu tsadar su ne Akoya na Japan, baƙaƙen Tahiti, da manyan farare da ruwan zinari na Ostireliya da Indonesiya da Filifin, su kawa ɗaya ƙwaya ɗaya ko biyu.

Na jabun kuwa ni ma an taɓa yi mini. Shekarar da na sauke farali na shiga wani shago na sayo wa ƙanwata tsaraba, mai shagon ya yi ta rantsuwa, na biya kuɗi masu ciwo, ko wata uku ba a yi ba fentin ya fara ɓarewa daga bakin hudar kamar farce, gilashi ya bayyana, na ji zafin abin sosai don da zuciya ɗaya na saya. Tun daga nan na koyi dubawa. Ki goga ƙwayar a hankali a gefen haƙorinki na gaba, ta gaske za ki ji ɗan gurzi-gurzi kamar yashi mai laushi, ta jabu sulɓi za ki ji. Ki goga biyu da juna, haka za ki ji. Ki duba bakin huda ko fenti ya taru ko ya ɓare. Ki ɗora a wuya, ta gaske da sanyi take fara zuwa sannan ta ɗau ɗumin jiki, kuma tana da ɗan nauyi. In kika ga duk ƙwayoyin girmansu ɗaya launinsu ɗaya ba tabo ko ɗaya kuma ga arha, ki ajiye. Amma wannan gwajin jabu kawai yake kamawa, bambance na asali da na kiwo sai an sa a na'urar hoton ƙashi, don haka duk wanda ya ce miki nashi na asali ne ki ce ya kawo takardar ɗakin gwaji. Wani abin sha'awa, fentin jabun tun ƙarni na 17 a Faransa da ɓawon jikin kifi mai sheƙi ake haɗa shi.

TAMBAYA: Anti ana fidda zakka a sarƙar lu'ulu'u kamar zinari? Daga wata uwargida, Jega.

AMSA: Yaya, Imamu Malik ya faɗa a Muwaɗɗa cewa babu zakka a lu'ulu'u da almiski da ambar. In kuma na sayarwa ne kika sara toh ya zama kayan kasuwanci, hukuncinsu ya hau kansa, haka in an haɗa shi da zinari, zinarin na da nasa hukuncin. Ki kai sarƙar gaban malaminku ya gani da ido ya yi miki bayani daidai da halinki.

TAMBAYA: Anti tawa sarƙar mamana ce ta bar mini, Allah ya jiƙanta, da fara ce sol yanzu ta koma ruwan ɗorawa ta dushe. In jiƙa ta da lemun tsami da omo? Daga wata baiwar Allah, Gusau.

AMSA: Allah ya jiƙan mama ya sa ta huta. Dan Allah ƙanwata kar ki kusantar da ita da lemun tsami, ko khal, ko omo, ko bilic, ko man goge baki, tsami cinye ta yake yi kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Mu matan arewa abin da ke kashe mana lu'ulu'u shi ne abin da muka fi so, humra da turaren fesawa da hayaƙin turaren wuta, sai man shafawa da zufa. Ki gama shafe-shafenki da turara jiki tsaf, ki bari ya bushe, sannan ki sa sarƙar, in kin dawo ita za ki fara cirewa ki goge da tattausan ƙyalle mai ɗan danshi ki shimfiɗa ta ta sha iska. Kar ki cusa ta cikin gwangwani ɗaya da zinari da awarwaro su karce ta, kar ki ɗaure ta a leda shekara da shekaru, bushewa na sa ta tsage musamman da hunturunmu, sawa jefi-jefi ya fi mata ajiya. In zaren ya saki ki kai a sake shiryawa da zaren siliki a ƙulla tsakanin kowace ƙwaya, ko ya tsinke a gidan biki ɗaya ce za ta faɗi.

Launin da ya riga ya juya da wuya ya koma fari kamar da, gaskiya kenan, amma ni a wurina wannan ba aibu ba ne a kayan gado. Kakata ta bar mana murjani, ɗan uwan lu'ulu'u a aya kuma shi ma ɗan teku ne da wasu ƙananan halittu ke ginawa, jan nan mai duhu da matan da ke ɗaurawa a wuya da hannu. Cikin wata 'yar tasa take ajiye shi a ƙasan jere, naɗe da tsumman saƙi, in za ta fiddo sai ta wanke hannu ta zauna a tabarma ta zare shi a hankali tana gaya mana wace ƙwaya uwarta ta ba ta wace ce ta saya da kuɗin kaɗi. Wasu ƙwayoyin sun sha hannu har sun kode ta gefe ɗaya. Yana wurina yanzu cikin tsumman nan dai, kuma ranar bikin ɗiyata shi na ɗaura mata a hannun dama kafin a fita da ita. Ki goge ta mama da ƙyalle mai laushi yau ɗin nan, ki canza mata zare, ki sa ta ranar sallah.